"Kamfani kake bi, ba ni ba": yaushe doka ke kama darakta da kansa?

"Barista, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da taki da iri a Kano. Kafin faɗuwar damina na yi ciniki da wani kamfani a kan tirela biyu ta yuriya, buhu 1,200, a kan naira miliyan 42. Manajan daraktan kamfanin da bakinsa ya ce mini kayan suna sitonsu, har bidiyo ya turo mini ta WhatsApp. Na ba da kafin alƙalami miliyan 30: miliyan 20 a asusun kamfani, miliyan 10 kuma ya ce in tura asusunsa na kansa, wai na kamfanin ya samu matsala. Damina ta zo ta wuce, ko buhu ɗaya ban gani ba. Yanzu ya ce kamfani ya karye, kuma ba shi nake bi ba, kamfani nake bi, tunda Limited ne. Amma ga shi ya buɗe sabon kamfani, ya sauya mota. Na ji daraktocin su uku ne, shi da matarsa da ƙaninsa. Doka za ta bar ni in kama shi da kansa, ko kuɗina sun tafi ke nan?"

Alhaji, Allah Ya mayar maka da alheri. Na san zafin wannan abu, domin ba kuɗin kaɗai ka rasa ba, ka rasa cinikin damina guda, kuma wataƙila akwai manoman da suka ba ka nasu kuɗin suna jira. In na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne ko kalmar nan "Limited" da ke jikin sunan kamfani ta isa ta raba mutum da abin da ya aikata da bakinsa da hannunsa. Ba ta isa ba. Tana kare shi daga bashin da kamfani ya ci da asarar da kasuwa ta jawo. Ƙaryar da ya yi don ya karɓi kuɗinka kuwa tasa ce, kuma doka tana da ƙofofi da dama da za a bi a riske shi. Sai dai kowace ƙofa tana da makulli, kuma makullin shi ne hujja.

Gaskiyar da ke cikin maganarsa

Bari in fara ba shi haƙƙinsa, don kada ka shiga kotu da zaton cewa duk abin da ya faɗa shirme ne. A dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA, wadda aka sabunta a 2020, da zarar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC ta yi wa kamfani rajista, ya zama kamar mutum mai zaman kansa. Yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi. Bashinsa ba bashin masu hannun jari ba ne, ba kuma na daraktoci ba.

Wannan ƙa'ida daga Ingila muka gaje ta. Wani mai sana'ar takalman fata a Landan, Aron Salomon, ya mayar da sana'arsa kamfani a 1892. Masu hannun jari bakwai ne: shi da matarsa da 'ya'yansa biyar, kowannensu da ƙwaya ɗaya, shi kuma yana riƙe da 20,001 cikin 20,007. Ba a daɗe ba kasuwa ta juya, kamfani ya durƙushe, aka ce ai kamfanin da Salomon duk abu ɗaya ne, ya biya daga aljihunsa. Kotu mafi girma ta ƙasar, a hukuncin da lauyoyi ke kira na 1897, ta ce a'a, kamfani daban, mai shi daban. Kotunanmu har yau a kan wannan suke. Akwai hikima a ciki. Ba don haka ba, da babu mai hankalin da zai zuba kuɗinsa a masana'anta ko banki, yana sane cewa ranar da aka yi asara har gidan da 'ya'yansa ke kwana za a sayar.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ji wannan baƙo ba. A babin ƙiradi, wanda aka ba jari ya juya amintacce ne: in kasuwa ta ci kuɗin ba tare da laifinsa ba, ba ya ramawa. Amma in ya ƙetare sharaɗin da aka gindaya masa, ko ya yi sakaci, ko ya ci amana, lamuni ya hau kansa. Dokar kamfanoni ma kusan a wannan gaɓar take raba tsakanin wanda ya faɗi da wanda ya cuta.

Kafin komai, tabbatar da cewa kamfanin Limited ne da gaske. Na sha ganin mutane suna bugun ƙirji da "kamfanina", ashe sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista. Dubi lambar da ke jikin rasit ɗinsu ko takardarsu mai tambari. In ta fara da RC, kamfani ne. In BN ce, sunan kasuwanci ne, kuma a nan babu wani labule: shi da kasuwancin abu ɗaya ne, bashin nasa ne kai tsaye, magana ta ƙare.

Sashe na 316, wanda kamar don kai aka rubuta shi

In kuwa RC ce, inda zan fara duba maka shi ne sashe na 316 na CAMA, wanda a tsohuwar dokar 1990 shi ne na 290. Abin da ya ƙunsa shi ne: idan kamfani ya karɓi rance don wata manufa takamaimai, ko ya karɓi kuɗi ko wata dukiya a matsayin kafin alƙalami don aiwatar da wata yarjejeniya ko wani aiki, sannan da niyyar zamba ya ƙi sa kuɗin a inda aka karɓe su dominsa, to duk darakta ko jami'in da ke da hannu a ciki zai mayar da kuɗin daga aljihunsa. Sashen ya ƙara da cewa wannan bai sauke wa kamfanin nasa nauyin ba, wato kana iya bin su duka biyun a ƙara ɗaya.

Dubi yadda labarinka ya zauna a ciki. Kuɗin kafin alƙalami ne. An karɓe su don abu sananne, tirela biyu ta yuriya. Ba a kawo ba. Saura abu ɗaya, kuma a kansa ake fafatawa a kowace irin wannan shari'a: niyyar zamba. Alƙali ba ya ganin zuciya, saboda haka sawun kuɗi yake bi. Ina miliyan 20 ɗin suka nufa bayan sun sauka a asusun kamfani? An tura wa masana'antar taki ko wani babban dila? Ko kuwa a ranar suka watse?

Na taɓa riƙe wata shari'a mai kama da taka, ta wani bawan Allah da ya biya kuɗin injin casar shinkafa da za a shigo masa da shi daga waje. Daraktan ya shiga akwatin shaida cikin babbar riga, yana magana a natse, yana cewa canjin dala ne ya karya su. Har ni sai da na fara jin kamar gaskiya yake faɗa. Sai ma'aikacin bankin da kotu ta yi wa sammaci ya zo da bayanan asusun kamfanin, shafi goma sha wani abu. Muka bi su layi-layi. Kuɗin sun shiga ranar Talata da hantsi. Kafin la'asar an tura kaso mafi tsoka ga wani dillalin filaye. Washegari an biya kuɗin makarantar yara, an biya wani tsohon bashi da wani ke bin daraktan shi kansa, sauran aka cire a kanta. Babu ko kwabo da ya je wurin mai sayar da inji, babu takardar neman canji, babu ko wasiƙa ɗaya zuwa ga masu ƙera injin. Da na tambaye shi wane kamfani ya yi wa odar injin, sai ya dubi lauyansa, ya dubi silin, ya ce sai ya duba takardu. Daga ranar lauyan nasa ya fara nemana da maganar sulhu.

Amma na ga kishiyar wannan, kuma wajibi ne in gaya maka. Wani da na tsaya wa ya dage sai an haɗa darakta a ƙara, ni ma na ga kamar akwai hujja. Da bayanan banki suka zo, sai ga shi mutumin ya tura kuɗin gaba ɗaya ga mai kaya a cikin mako guda, can ne aka riƙe su, ga wasiƙun da ya yi ta rubutawa yana neman a ba shi kaya ko a dawo da kuɗi. Kotu ta ce kamfani ya biya, ta sallami daraktan. Kamfanin kuwa ba shi da komai sai tebur da kujeru. Na ji ciwon abin, amma hukuncin daidai ne: mutumin ya yi rashin sa'a, wataƙila har da rashin dabara, bai dai yi zamba ba.

Kotun Ƙoli ta Najeriya ta riga ta taka wannan hanya. A shari'ar Alade da kamfanin ALIC, wadda ta yanke a 2010, an karɓi kuɗi don harkar amfanin gona aka karkatar da su, kotu ta ɗage labulen kamfani ta ɗora wa manajan daraktan nauyin biya tare da kamfanin. A shari'ar Oyebanji kuma, a 2015, manajan darakta ne ya karɓi kuɗin shigo da kaya da sunan kamfaninsa, kaya ba su zo ba, kuɗi ba su dawo ba. Ya kafa hujja da cewa kamfani ne ya karɓa, Kotun Ƙoli ta ƙi, ta tabbatar da hukuncin laifin da aka yanke masa.

Bidiyon nan da miliyan goman nan

Abubuwa biyu a cikin wasiƙarka sun fi komai ɗaukar hankalina.

Na farko bidiyon sito. Doka tana bambanta alkawari da labarin ƙarya. Wanda ya ce "zan kawo maka taki nan da mako biyu" bai kawo ba, a kan fuskarsa saɓa alkawari ya yi, kuma kamfani ake bi. Wanda ya ce "takin yana sitonmu yanzu haka, ga shi ka gani" alhali babu, ko na wani ne ya ɗauka a waya, ya ba da labarin ƙarya a kan abin da ke nan a lokacin, kuma da wannan labarin ya raba ka da kuɗinka. Wannan yaudara ce, kuma mai yaudara yana ɗaukar nauyinta da kansa ko da sunan wa ya yi ta. A nan ba ma sai an ɗage wani labule ba, domin ba bashin kamfani kake ɗora masa ba, laifin bakinsa kake bi.

Akwai wata shari'ar Ingila ta 2002 da ta fayyace wannan sosai. Wani manajan darakta mai suna Mehra ya gabatar wa bankin Standard Chartered takardun lodin kwalta a jirgin ruwa, waɗanda aka mayar da kwanan watansu baya don su dace da sharaɗin biya, yana sane da cewa ƙarya ce. Banki ya biya. Da aka kai ƙara ya ce shi a madadin kamfaninsa ya sa hannu. Kotu ta ce ba wanda zai tsira daga zambarsa don kawai ya ce a madadin wani ya yi ta. Hukuncin Ingila na wannan zamani ba ya ɗaure alƙalanmu, amma suna saurarensa, kuma ya yi daidai da inda kotunanmu suka dosa.

Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne gano gaskiyar bidiyon. Sito na wa ne? A ranar da aka turo maka, kayan wa ke ciki? Mai gadin sito, ɗan dako, ko mai sito da ya ba da haya, duk shaidu ne. Kada ka goge komai a wayar nan, kada ka sayar da ita, kada ka bar yara su yi wasa da ita. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi saƙon waya da bidiyo, da sharaɗin a cika wasu ƙa'idoji game da na'urar da ta fitar da su, kuma aikin ya fi sauƙi in asalin wayar tana hannu. Saƙon murya ma hujja ne. Mutanenmu sun fi yin ciniki da murya fiye da rubutu, kuma sau da yawa a nan ake samun kalmar da ta kama mutum.

Na biyu, miliyan goma da ka tura asusunsa na kansa. Ba zan ɓoye maka ba, ranar da ya ce ka tura can ya kamata ka ja birki. Amma yanzu abin ya zama makami a hannunka. Kuɗin ba su taɓa shiga hannun kamfani ba, hannunsa suka shiga. In ya ce na kamfani ne, sai ya nuna ranar da ya mayar da su asusun kamfani ko abin da ya saya wa kamfani da su. Mutumin da ke cakuɗa aljihunsa da na kamfani, ya ɗiba nan ya zuba can yadda ya ga dama, da wuya ya tsaya gaban alƙali ya ce a girmama bambancin da shi kansa bai girmama ba.

Sabon kamfani da sabuwar mota kuwa, su kaɗai ba laifi ba ne. Wanda kamfaninsa ya faɗi yana da damar sake buɗe wani. Abin bincike shi ne da me aka buɗe shi. In motocin tsohon kamfani da sitonsa da ma'aikatansa da abokan cinikinsa ne suka koma sabon ba tare da an biya komai ba, aka bar wa tsohon bashi kawai, wannan riga ce aka sauya, kuma kotu tana iya bin dukiyar har can.

In an kai ga rushe kamfanin

Ya ce kamfani ya karye. Karyewa a baki daban, rushewa a doka daban. Kamfani yana nan da ransa har sai an bi matakan rushe shi, kuma kai da kake binsa bashi kana cikin masu ikon neman Babbar Kotun Tarayya ta rushe shi ta naɗa wanda zai tattara dukiyarsa. A lokacin ne sashe na 672 na CAMA ke aiki: in ya bayyana an tafiyar da harkar kamfani da ganganci ko da niyyar cutar masu bin bashi, kotu na iya ɗora wa duk wanda ya shiga ciki da saninsa bashin kamfanin ba tare da iyaka ba. Dokar 2020 ta ƙaro sashe na 673, wanda ke kama daraktan da ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa kamfani ba zai tsira ba, amma ya ci gaba da harka bai yi abin da zai rage wa masu bin bashi asara ba. Wannan hanya doguwa ce, tana cin kuɗi, kuma abin da aka samu yawanci rabawa ake yi da sauran masu bi. Ban cika fara ba da shawararta ga mutum ɗaya mai bin miliyan 30 ba, sai in kun yi yawa kun haɗa kai.

Matarsa da ƙaninsa

A nan ina roƙonka ka sassauta har sai hujja ta nuna. Kasancewar sunan mutum a takardar CAC bai isa a ce ya biya ba. Sashe na 316 wanda ke da hannu yake nema. Wa ke sa hannu a asusun banki? Wa ya halarci ciniki? Asusun wa kuɗin suka faɗa? In an ga miliyan biyar sun sauka a asusun ƙanin washegari, ya shigo ciki. In gidan da aka saya da kuɗinka da sunan matar aka rubuta, ana iya bin gidan. In kuwa ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sa su a ƙara zai ƙara maka tsawon shari'a ne kawai, ya kuma sa alƙali ya fara ganin kamar ramuwa ka zo yi.

Wannan al'ada ta sa sunan mata da ƙanne a matsayin daraktoci tana damuna ƙwarai. Asalinta tsohuwar doka ce da ta wajabta mutum biyu kafin a kafa kamfani, sai maigida ya kawo takarda gida ya ce "sa hannu a nan". Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah a ofishin masu bincike, da goyo a bayanta, ana tambayarta a kan cakin da ke ɗauke da sa hannunta. Ta ce ita dai yakan kawo mata littafin cak ta sa hannu a shafuka da yawa lokaci guda, ko sunan bankin ba ta riƙe ba. Mijin yana wata ƙasa, wayarsa a kashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, don haka wannan uzuri ya ƙare. Duk wanda aka ce ya ba da sunansa a matsayin darakta ya sani cewa doka tana ɗora masa nauyin kula da amana, kuma "ban sani ba" ba kullum take fitar da mutum ba. Akasin haka ma yana faruwa: mai juya kamfani na gaskiya ya ɓoye, ya sa yaransa a takarda. Doka ta san da shi, tana ɗaukar wanda daraktoci suka saba bin umarninsa a matsayin darakta.

'Yan sanda da EFCC

Na san zuciyarka tana ce maka ka sa a kama shi. In bidiyon ƙarya ne, akwai laifi na gaske. Dokar zamba ta 2006, wadda ta shafi abin da ake kira 419, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba kuma bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiya da bayanin ƙarya. Ta ce in kamfani ne ya aikata da zugar darakta ko haɗin bakinsa ko sakacinsa, shi ma ya aikata, kuma kotu za ta umarce shi ya mayar da abin da ya ci. A Final Kod, wato kundin dokar laifuka da muke aiki da shi a Arewa, akwai laifin cuta a sashe na 320 da cin amana a sashe na 311. Girman kujera ba ya hana wannan. Bayan Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agustan 2009, shugabar bankin Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas a watan Oktoban 2010, aka yanke mata wata shida, ta kuma sallama kadarori na kusan naira biliyan 190. Wasu sun ga ɗaurin ya yi kaɗan, ni ma ina cikinsu, amma dukiyar da aka karɓa tata ce, ba ta bankin ba.

Sai dai ka kiyaye. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani. Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar bankin Diamond da Opara a 2018 cewa EFCC ba hukumar karɓar bashi ba ce. In ka kai koke ka ce "ina binsa kuɗi, a karɓar mini", aka tsare shi, yana iya juyowa ya kai ka ƙarar tauye haƙƙi, ka wayi gari kai ake bi diyya. Koken da lauya zai rubuta maka ya tsaya a kan ƙaryar: ga abin da ya ce, ga ranar, ga hujjar cewa ba haka ba ne, ga kuɗin da na tura saboda maganarsa. Daga nan ka bar masu bincike su yi aikinsu. Amfaninsu babba shi ne suna iya samo bayanan asusu da wuri. Kuma shari'ar laifi ba ta hana ka shigar da taka ta neman kuɗi a Babbar Kotun Jiha.

Wani abu da kan ba mutane mamaki: ko a ƙarar neman kuɗi, in ka zargi mutum da zamba, sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce sai ka tabbatar da ita yadda ake tabbatar da laifi, ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Dole kuma a zayyana ta dalla-dalla a takardar ƙara. Shi ya sa nake tsara irin wannan ƙara hawa biyu: neman a dawo da kuɗi daga kamfani saboda ba a kawo kaya ba, wanda ke da sauƙin tabbatarwa, sannan neman a ɗora wa darakta saboda zamba da sashe na 316. In na biyun ya zame, na farkon yana nan.

Abin da zan yi a makon nan in ni ne kai

Ka sa lauya ya nemo cikakken rahoton kamfanonin biyu daga CAC, tsohon da sabon: daraktoci, masu hannun jari, adireshi, ranar rajista. Ranar rajistar sabon kamfanin kaɗai tana iya ba da labari, musamman in ta zo kwanaki kaɗan bayan ka tura kuɗi. Ka karɓo bayanan asusunka daga banki da tambarinsu, kada ka dogara da alat na waya. A rubuta wasiƙar neman biya zuwa ga kamfani da shi kansa. In akwai alamar yana sayar da kadarori ko kwashe kuɗi, lauya na iya roƙon kotu ta daskarar da su kafin a gama shari'a, amma kotu ba ta ba da wannan a kan zato, sai an nuna mata dalili. Kada ka yi ta jira saboda ana ba ka haƙuri: wa'adin shigar da ƙarar yarjejeniya shekara shida ne a jihohi da yawa, biyar a wasu, kuma tun kafin wa'adi ya cika dukiya take gudu.

In dattawan kasuwa suka shiga tsakani, ko shi ya nemi sulhu, kada ka ƙi. Sau da yawa sulhu ya fi hukunci kawo kuɗi. Amma wannan karon a rubuta, kuma ya sa hannu da sunansa a matsayin wanda ya lamunci bashin da kansa, ba a matsayin darakta ba. In zai yiwu ya ajiye takardar fili ko gida. In an riga an shiga kotu, a kai yarjejeniyar gaban alƙali ta zama hukunci. In ya ba ka cak, ka kai banki cikin wata uku, domin dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ba da cak alhali babu kuɗi a asusu.

Ban ga takardunka ba, ban ji ta bakinsa ba, kuma na daɗe a wannan aiki da zan san labari yakan sauya in ɗaya ɓangaren ya buɗe jakarsa. Yana iya fito da rasit na gaske da ke nuna ya biya wani dila shi ma aka cuce shi, kuma in haka ne miliyan 20 ɗin za su tsaya a kan kamfani, ko da yake goman da suka shiga asusunsa sai ya yi bayaninsu. Ka kuma sani cewa cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Bayan hukunci sai an nemo asusunsa an sa kotu ta umarci banki ya biya, ko a kama motoci da kaya a yi gwanjo, kuma ba a taɓa gida ko fili sai an nuna wa kotu cewa sauran dukiyar ba ta isa ba. In ya ɗaukaka ƙara, shekaru na iya tafiya. Don haka tun yau, kafin ya ji motsin lauya, ka fara rubuta abin da ka san ya mallaka: lambar sabuwar motar, unguwar da gidan yake, bankunan da yake hulɗa da su, da sunan mai sito. Ranar da za ka je wurin lauya ka tafi da wannan takarda, da rasit, da wayar.